Tara Agogon Hannu Sai Da Haƙuri

Mun lura waɗansu akawuna da malaman makaranta suna sha'awar tara agogon hannu. Ba mu ga laifin wannan ba, gama kowane agogo shaidar zamaninsa ne.

A da, agogon aljihu maza ke riƙewa, sai a Yaƙin Duniya na 1914 zuwa 1918 sojoji suka yawaita ɗaura shi a hannu. A 1926 kamfanin Rolex ya fito da Oyster, wanda ruwa ba ya shigarsa. A 1969 kuma Seiko na Japan ya kawo Astron mai batir, wanda kuskurensa bai wuce daƙiƙa 5 a wata ba.

Amma fa a yi hattara. Kada mutum ya ci bashi, ko ya taɓa kuɗin cefane, don sayen agogo. Guda ɗaya bayan 'yan shekaru ya isa. Na wani yana bukatar wanki da mai wurin mai gyara. Na batir kuwa, in za a ajiye shi, a cire batirin kada ya zuba ya ɓata injin.

Daga ƙarshe, abin kunya ne mai agogo biyar ya makara zuwa aiki.