Gwagwarmayar Neman Haƙƙin Mata a Arewacin Najeriya: Daga 'Yan Taru Zuwa Ƙofar Majalisa

Fafutukar neman haƙƙin mata a Arewacin Najeriya ta girmi ƙungiyoyin zamani. Tun ƙarni na 19 ake yin ta, kuma a kan abubuwa huɗu ta fi tsayawa: ilimi, damar faɗa-a-ji a siyasa, lafiyar mai ciki da mai jego, da sana'a ko aikin albashi. Tarihinta ya nuna cewa ta fi cin nasara a lokutan da matan yankin suka riƙe ragamarta da kansu, suka kafa hujja da addini da dokokin da jama'a suka riga suka yarda da su.

Nana Asma'u da 'Yan Taru

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman zamaninsa da ke koyar da ɗalibai a zaure alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ce ta mayar da wannan karantarwa tsari mai aiki. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru domin kai ilimi ga matan ƙauye.

Kowane rukuni yana da shugaba da ake kira jaji, yawanci dattijuwa mai mutunci. Nana Asma'u kan naɗa ta da malfa da jan rawani, alamar da duk wanda ya gani ya san wannan mata tana tafe da izini. Jajin kan jagoranci tsofaffi da 'yan mata, su yi tattaki zuwa wurin malamar, ɗauke da sadakar hatsi da zuma da man shanu da ake raba wa mabuƙata. Su haddace waƙoƙin da ke koyar da tsarki da salla da kyawawan halaye, su koma gida su karantar da matan auren da ba su samu fitowa ba. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Har yau, idan aka ce karatun 'ya mace baƙon abu ne, da Nana Asma'u masu fafutuka ke fara kafa hujja.

Neman ƙuri'a

Siyasar jam'iyyu ta buɗe sabon fage. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, kuma ita ce ta fito fili ta nemi a bai wa mata damar zaɓe, yayin da jam'iyyar NPC mai mulkin Jihar Arewa ta ce lokaci bai yi ba. Fitacciya a wannan fage ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933. Ta shiga NEPU tana 'yar shekara 17, ta zama jagorar reshen mata, ta je Abekuta ta gana da 'yar gwagwarmaya Funmilayo Ransome-Kuti. Ta riƙa shiga gidaje tana yi wa matan kulle bayanin siyasa, tana sukar auren dole da auren ƙananan yara. Ta sha duka da ɗauri, har masu tarihinta suka ƙirga shigarta kurkuku sau 16.

Duk da haka, a zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa suna gida. Sai a 1976, lokacin gyaran tsarin ƙananan hukumomi a zamanin soja, aka ba su wannan dama, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita. Gambo Sawaba ta rasu a 2001, kuma babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan a Zariya yana ɗauke da sunanta.

Zamanin ƙungiyoyi

A 1963 aka kafa Jam'iyyar Matan Arewa a Kaduna, wadda duk da sunanta ƙungiyar taimakon jama'a ce mai kula da marayu da karatun mata. Hajiya Laila Dogonyaro na cikin jigoginta. A 1982 wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya haifar da ƙungiyar WIN, wadda ta danganta halin da mata ke ciki da talauci da bambancin aji. A 1985 kuma aka kafa FOMWAN a Minna, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, Hajiya Aisha Lemu ta zama Amirarta ta farko. FOMWAN ta zaɓi yin magana daga cikin addini: ta gina makarantu da asibitoci, ta riƙa tunatar da jama'a haƙƙoƙin da Musulunci ya ba mace na gado da sadaki da ciyarwa da mallakar dukiya. 'Yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta riƙe editan jaridar New Nigerian, tana cikin waɗanda suka yi mata hidima.

Amfanin wannan hanya ya fito sarari bayan da jihohin Arewa suka faɗaɗa aiki da Shari'a daga 1999. Kotunan farko sun yanke wa Safiya Husaini a Sakkwato da Amina Lawal a Katsina hukuncin jifa. Ƙungiyoyin WRAPA da BAOBAB da lauyoyinsu suka ɗaukaka ƙara, suka kafa hujja da fiƙihun Malikiyya kansa, ciki har da ƙa'idojin iƙirari da janye shi da mas'alar kwantaccen ciki. Kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a suka wanke Safiya a 2002, Amina kuma a 2003.

Yawan mutuwar aure ma ya samu masu magana a kansa. A 2009 Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa da marayu a Kano, ta shirya gangamin zawarawa, Hisba ta hana. Maganar ba ta mutu ba, domin a 2012 gwamnatin jihar ta fara shirin auren zawarawa, ko da yake masu fafutuka na cewa tushen matsalar yana ga saki ba bisa ƙa'ida ba da barin mace da 'ya'ya babu ciyarwa.

Lafiyar mai ciki

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, kuma matsalar ta fi tsanani a Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas. Ma'aikatan lafiya na danganta ta da jinkiri iri uku: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Kunyar cikin fari kan sa yarinya ta ɓoye naƙuda. Wani lokacin maigida ba ya gari, babu kuma wanda zai ba da izinin fita. Ga rashin mota da lalacewar hanya, ga ƙarancin jini da ma'aikata a asibitin.

Yoyon fitsari ɗaya ne daga cikin sakamakon wannan jinkiri. Idan naƙuda ta kai kwana biyu ko uku, kan jariri ya maƙale a ƙugu, yakan danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har jini ya daina kai masa. Naman ya mutu, ya bar huda, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Sau da yawa jaririn ba ya rayuwa. Yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba ta fi shiga haɗari, yankan gishiri ma yana jawo ciwon. Bayan ciwo akwai tsangwama: wari ya sa a ƙaurace mata, wani mijin ya sake ta.

Asibitin Babbar Ruga a Katsina, wanda asalinsa na kutare ne, ya zama cibiyar wannan aiki tun da likitan ƙasar Holan Dakta Kees Waaldijk ya fara ɗinkin yoyon fitsari a can a shekarun 1980, ya kuma horar da likitoci da dama. Yanzu cibiya ce ta ƙasa, akwai irinta a Ningi ta Jihar Bauchi, akwai kuma cibiyar Laure a Asibitin Murtala na Kano. Sabuwar huda ƙarama takan warke idan an sa robar fitsari da wuri, sauran kuma sai tiyata. Ƙungiyoyin mata sun ɗauki abin da tiyata ba ta yi: shiga ƙauyuka neman masu ciwon da suka ɓuya, koya musu ɗinki da saƙa da haɗa sabulu, da jawo limamai da masu unguwanni su yi wa maza magana kan awon ciki.

Sana'a da wurin aiki

Bahaushiya ba ta taɓa rabuwa da sana'a ba. A cikin gida ake yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura da ɗinkin hula da kitso, a tara jari ta hanyar adashi. Sai dai wannan ciniki ya daɗe yana dogara da tallar 'yan mata, abin da ke raba su da aji. Shi ya sa masu fafutuka ke haɗa kiran sa yara makaranta da nema wa iyaye mata jari. Wayar hannu ta kawo sauƙi, domin mata da yawa yanzu daga ɗaki suke tallata atamfa da turaren wuta ta WhatsApp.

A aikin albashi, Dokar Ƙwadago ta ba mai haihuwa hutun mako 12 da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata shida a wurin aikin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Ma'aikatan gwamnatin tarayya na samun mako 16, Jihar Kaduna kuma ta mayar da nata wata shida a 2019. Lafiya da aiki sun haɗu a wuri guda: maza da yawa ba sa yarda namiji ya karɓi haihuwar matansu, ungozomomin asibiti kuwa sun yi ƙaranci a karkara. Shirin Women for Health, wanda ya fara a 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ya riƙa ɗauko 'yan matan ƙauye yana ba su karatun share fage domin su shiga makarantun jinya da ungozoma, su koma yi wa garuruwansu aiki.

A manyan muƙamai an samu waɗanda suka buɗe hanya. Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ta zama mace ta farko Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012, Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 2014, Amina Mohammed ta zama Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, Dakta Hadiza Balarabe kuma Mataimakiyar Gwamnan Kaduna a 2019.

Inda aka kwana

Kujerun zaɓe ne suka fi wuya. Manufar ƙasa kan jinsi ta 2006 ta nemi a bai wa mata kashi 35 cikin ɗari na muƙamai, amma a watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar na gyaran tsarin mulki da suka shafi mata, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofarta. Bayan zaɓen 2023 da shari'o'insa, mata huɗu kacal suka samu shiga Majalisar Dattawa mai kujeru 109.

Jamhuriyar Nijar ta bi wata hanya. Dokar da ta kafa a 2000 ta wajabta ware aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi ga kowane jinsi. Mace ɗaya ce a majalisar 1999 mai kujeru 83, amma a 2004 suka zama 14 cikin 113, kuma a 2019 aka ɗaga kason zuwa 25 da 30. Da irin wannan misali masu neman a ware wa mata kujeru a Najeriya ke kafa hujja, yayin da a jihohi suka mayar da hankali ga ganin an aiwatar da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da dokar hana cin zarafi ta 2015 a kotuna da ofisoshin 'yan sanda.