Dokar binciken makamashi a masana'antun Turai

 A yau za mu leƙa masana'antun nahiyar Turai ne, inda doka ta tilasta wa manyan kamfanoni su riƙa gayyatar ƙwararru suna bin diddigin wutar lantarki da gas da man da suke ƙonawa, kamar dai yadda odita ke bin diddigin kuɗi.

A shekara ta 2012 ne Ƙungiyar Tarayyar Turai ta zartar da ƙa'idarta ta tsimin makamashi. Ƙa'idar ta bai wa manyan kamfanoni, galibi masu ma'aikata 250 zuwa sama, wa'adin ranar 5 ga watan Disamban 2015 su kammala binciken farko, sannan su maimaita shi duk bayan shekaru huɗu. A Jamus, hukumar BAFA da ke garin Eschborn kusa da Frankfurt ita ce ke sa ido. Dole binciken ya shafi aƙalla kashi 90 cikin 100 na makamashin da kamfani ke sha, kuma wanda ya yi kunnen ƙashi yana iya fuskantar tarar da ta kai Euro dubu 50. Manufar guda biyu ce: rage hayaƙin da ke ɗumama yanayi, da kuma rage wa kamfanonin kansu kashe kuɗi.

To shin me mai binciken ke nema idan ya shiga masana'anta? Da farko yakan karɓi takardun kuɗin wuta da na gas, ya kwatanta su da yawan kayan da aka ƙera. Daga nan sai ya duba abin da mita ke nunawa a daren Lahadi, lokacin da babu kowa a wurin aiki. Idan har mitar na gudu, to akwai injin da ke cin wuta a banza.

Wurin da ya fi daɗewa a kai shi ne bututun iska. Masana'antu da dama na amfani da matsattsiyar iska wajen tafiyar da na'urorinsu, kuma iskar nan tsada gare ta, domin mafi yawan wutar da injin matse iskar ke sha zafi take komawa, kaɗan ce ke zama aiki. Duk da haka, a masana'antar da ba a kula da ita sosai, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar na zurarewa ta 'yan kafofi a mahaɗar bututu. Ƙarar injina ba ta barin kunne ya ji wannan yoyo, shi ya sa mai binciken ke yawo da wata 'yar na'ura mai jin sautin da ya fi ƙarfin kunnen ɗan Adam. Sau tari gyaran bai wuce sauya roba ko ɗaure noti ba.

Sai kuma famfuna da fankoki. Da yawansu na juyawa da cikakken gudu dare da rana, sai a toshe wani ɓangare na bututun idan ruwan ko iskar ta yi yawa. Wannan tamkar direba ne da ya take totur har ƙasa yana rage gudu da birki. Idan aka sa wa injin na'urar daidaita gudu, aka rage saurinsa da kashi 20 cikin 100 kawai, wutar da yake sha na iya raguwa da kusan rabi. Mai binciken yakan kuma haska tukunyar tururi da kyamara mai ganin zafi, don gano inda zafi ke tserewa.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙa. Ƙa'idar ta 2012 ta tilasta bincike ne kawai, ba ta tilasta aiwatar da shawarwarin da suka biyo baya ba. Kamfani na iya biyan ƙwararre, ya karɓi rahoto, ya jefa shi cikin durowa, kuma bai karya doka ba. Kuna iya tambaya, wane ɗan kasuwa ne zai ƙi abin da zai rage masa kashe kuɗi? Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Shugabannin kamfanoni kan fi son jarin da zai mayar da kuɗinsa cikin shekaru biyu ko uku, manajan aiki kuma ba ya son a tsayar masa da injina ko da na yini ɗaya ne.

Tsadar gas da ta biyo bayan mamayar da Rasha ta yi wa Ukraine a 2022 ta sauya lissafin. Daga watan Oktoban wannan shekara, Jamus ta kafa wata dokar wucin gadi ta shekaru biyu, wadda ta tilasta wa kamfanoni masu shan makamashi da yawa su aiwatar da duk matakin tsimi da aka tabbatar zai biya kuɗinsa. A 2023 kuma Tarayyar Turai ta sake fasalin ƙa'idar tata. Maimakon ƙirga ma'aikata, sai ta koma duba yawan makamashin da ake sha, wanda a ganina shi ya kamata a yi tun farko, tunda ƙaramar masana'antar narka ƙarfe na iya fin babban kamfanin inshora cin wuta. Duk kamfanin da ya haura kimanin kilowat-awa miliyan 2.8 a shekara an ba shi wa'adin ranar 11 ga watan Oktoban 2026 ya yi bincike, ya kuma tsara matakan da zai ɗauka, ya bayyana su a rahotonsa na shekara. Waɗanda suka ninka wannan adadi fiye da sau takwas kuwa, an ba su zuwa Oktoban 2027 su kafa tsarin kula da makamashi na dindindin, irin na ma'aunin ISO 50001.