Kyallen da Ke Bakin Ƙofar Makaranta

Daga tsakiyar watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba, duk wanda ya zaga unguwannin Kano, Kaduna ko Zariya zai ga makarantun kuɗi sun rataya manyan kyallayen talla a bakin ƙofa. Hotunan yara ne goma ko sha biyu cikin kayan makaranta, an jera wa kowa A1 da B2 da B3 a ƙarƙashin haɓarsa, can sama kuma an rubuta da ja cewa ɗalibai ɗari bisa ɗari sun haye. Akwai irin wannan a layinmu. Gidan haya ne mai ɗaki bakwai aka mayar makaranta. Tsakar gidan ita ce filin taron safe, ita ce filin wasa, nan kuma mai awara take kafa kaskonta idan an fito tara. Ban taɓa ganin an shiga gidan nan da kwalbar gwaji ko ɗaya ba, amma bara yara shida suka fito da A1 a Kemistiri.

Shekarar karatu zango uku ce, wajen wata tara na sammako da shara da darasi da faɗa da shiri. Yanzu duk an matse ta ta koma lamba ɗaya: ɗalibai nawa suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Da wannan lambar iyaye suke zaɓar makaranta, da ita mai makaranta yake ƙara kuɗi, da ita kwamishina yake kare kujerarsa.

A da, makaranta tana rufe shekara da ranar jawabi da raba kyaututtuka. Firinsifal ya miƙe gaban iyaye da hakimi da mutanen ma'aikatar ilimi ya karanto rahoton shekara: gidan da ya ɗauki kofin guje-guje, inda 'yan muhawara suka je suka kuma kayar da wa, buhu nawa gonar makaranta ta bayar, malaman da aka yi wa canji, rijiyar da ta ƙafe a bazara. Sakamakon jarrabawa yana ciki, amma layi ne cikin layuka. Tsofaffin ɗaliban Kwalejin Barewa, wadda ta faro a Katsina a 1921, ko na makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Kano ta buɗe a 1977, idan suka haɗu hirarsu ta firef ɗin dare ce da leba da malamin da ya sa suka so Fiziks. Ban ce zamanin ba shi da tabo ba. Siniyoyi sun gasa wa ƙanana aya a hannu, masu samun gurbi 'yan ƙalilan ne, mata kuwa sai a ƙirga su da yatsu. Amma makaranta tana auna kanta da mudu fiye da ɗaya.

Abin da ya fara sauya wannan shi ne ƙuncin ƙofar gaba. Jami'a ba ta tambayar ko yaro ya iya tsayawa gaban jama'a ya yi magana, ko ya taɓa riƙe shugabancin ɗalibai da amana. Kiredit biyar take nema, da makin JAMB. Uba kuwa da ya yi shekara shida yana biyan kuɗin makaranta daga albashin da ba ya kai ashirin ga wata, ba za ka ga laifinsa ba idan ya ce shi takarda yake so ya gani. Yaron da ya rasa Turanci ko Lissafi zai zauna gida shekara guda, a sake biyan kuɗin rajista. Idan yarinya ce, sau da yawa wannan shekarar ita ce ƙarshen karatun, domin kafin ta zagayo an kawo kuɗin gaisuwa.

Sai kasuwa ta shigo. Da makarantun gwamnati suka cika suka batse, aji ɗaya yara sun haura ɗari, wasu a ƙasa wasu a taga, makarantun kuɗi suka tsiro a kowane lungu. A layi ɗaya sai ka ƙirga uku, kowace tana farautar yaran 'yar'uwarta. Mai makaranta ba zai iya rataya tarbiyya a bakin ƙofa ba, ba zai iya ɗaukar hoton yaron da ya koyi son karatu ba. A1 ce take ɗaukuwa a hoto. Daga nan lissafin ya zama mai sauƙi: gina ɗakin gwaje-gwaje da riƙe malamin Lissafi nagari shekara uku miliyoyi ne, sallamar mai sa ido ranar jarrabawa kuwa abin da za a tara ne daga aljihun yaran kansu.

A nan ne satar amsa ta sauya kama. Abin ba sabo ba ne. Tun 1977 aka yi babbar ɓarakar takardun WAEC da aka yi wa laƙabi da "expo", kuma tun 1999 akwai dokar tarayya da ta tanadi tara da ɗauri ga masu maguɗin jarrabawa. Amma a da yaro ne yake ɓoye 'yar takarda a safa, gabansa na faɗuwa, yana tsoron malaminsa fiye da kowa. Yanzu a wurare da yawa malamin ne yake rubuta amsar a allo, wani kuma yana tsaye a bakin ƙofa yana leƙen motar jami'ai. Ana haɗa kuɗin da na rajista, a sa masa suna mai laushi, a ce kuɗin ɗawainiya ko na "taimako". Makarantun da suka yi suna a wannan harka su ake kira mirakul senta, kuma kowa a gari ya san su.

'Yar yayata ta yi shekara biyar a wata makaranta mai tsanani, inda ba a ɗaga wa kowa ƙafa. Da aka shiga ajin ƙarshe sai ta ga kujeru sun yi sarari: kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan ajinsu an ɗauke su an kai wata makaranta a bayan gari, ba don a karantar da su ba, don dai a yi musu rajista a can. Ita ta zauna, ta fito da kiredit shida, Lissafi da ƙyar. Ƙawarta da take kwafar aikin gida a wurinta ta dawo da tara cif. Ranar da sakamako ya fito ta zo gidanmu, ta zauna a bakin tabarma tana juya wayarta, ta ce da ni, "Kawu, to mu wahalar me muka sha?" Na ba ta amsar da manya suke bayarwa, amma na ga ba ta shige ta ba. Firinsifal ɗinsu kuma, da muka haɗu a wurin wani ɗaurin aure, ya ce mini iyaye sun fara tambayarsa dalilin da ya sa kyallensa bai kai na maƙwabta ba. Mai gaskiya ne ake tuhuma.

Gwamnatoci ma sun shiga layin masu rataya kyalle. Da NECO ta fitar da sakamakon 2025, an ce Kano ce ta ɗaya a ƙasa, da ɗalibai 68,159 masu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, Legas tana biye da 67,007. An yi ta murna, kuma akwai abin murna, domin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, tana kuma biya wa dubban yara kuɗin jarrabawar. Sai dai wannan ƙirgen kawuna ne. Kano ta fi kowa yawan masu zama NECO, kuma waɗanda suka haye ɗin kusan rabin waɗanda suka zauna ne, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 60 cikin ɗari ne suka haye. Ba a cika jin wannan ɓangaren a rediyo ba. Haka nan ba a jin labarin yaran da jarrabawar kwalifayin ta tace tun suna aji biyar, waɗanda in iyayensu ba su da kuɗin rajista, ba su ma shiga lissafin ba.

Shekarar 2025 ta nuna yadda lambar nan take rawa. A 2021 kashi 81.7 ne suka sami kiredit biyar ɗin a WAEC, a 2024 kashi 72.12. A farkon Agustan 2025 hukumar ta ce kashi 38.32 ne kacal. Ƙasa ta ɗauka, iyaye suka yi ta zagin malamai, malamai suna zagin TikTok. Bayan kwana huɗu hukumar ta fito ta ba da haƙuri, ta ce an yi kuskure wajen makin takardar Turanci, ta mayar da lambar kashi 62.96. Kuskuren ya samo asali ne daga sabon tsarin da ta kawo na jujjuya jerin tambayoyi a wasu darussa, yadda lamba ta biyar a takardarka ba ita ce ta biyar a ta maƙwabcinka ba. Ita takardar Turancin dama a wasu cibiyoyi da dare aka rubuta ta, da fitilar waya da tocila, bayan an sami labarin ɓaraka an jinkirta ta. Ko bayan gyaran, an sami ragin kusan kashi tara daga na 2024. Ni dai a ganina yara ba su daƙiƙance cikin wata goma sha biyu ba. Amsar allo ce ta fara wahalar kwafuwa.

JAMB ma takan tona. A 2025 kusan mutum miliyan 1.95 suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ita ma ta yi nata tuntuɓen, har shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya zubar da hawaye gaban 'yan jarida, aka sake wa kusan mutum 380,000 jarrabawa a Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Kuma jarrabawa ce ta daban, darasi huɗu a kan kwamfuta, yaron ƙauye da bai taɓa riƙe linzami ba ya shiga da rauni tun daga ƙofa. Duk da haka, malaman jami'a sun saba ganin mai A1 a Turanci da ba ya iya rubuta wasiƙar neman uzuri.

Ban yarda da masu cewa a yi watsi da jarrabawa ba. Ita ce tsani ɗaya da ɗan talaka yake da shi wanda ba ya bukatar sanin wani. Ita ce ta nuna wa iyaye da yawa cewa 'ya'yansu mata suna iya doke maza a Lissafi, ita ce kuma take fallasa makarantar da ta shekara ba malamin Fiziks. Matsalar ta taso ne da ta zama ita kaɗai ake dubawa, domin duk abin da ba ya fitowa a jarrabawa sai ya zama ɓata lokaci. Muhawara da kacici-kacici da wasan kwaikwayo sun koma sai in an sami wanda zai ɗauki nauyi. Gasar gidaje ta zama ranar sayar da riga. Ajin ƙarshe ya koma haddar tsofaffin tambayoyi, litattafan adabi kuma taƙaitawarsu ake karantawa. Ga shi kwanakin karatun ma sun ragu a Arewa. Tun daga satar ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020 da na Jangebe a Fabrairun 2021 aka rufe makarantun kwana da yawa ko aka mayar da su jeka-ka-dawo, alhali a makarantar kwana ne yawancin waɗannan al'adu suke rayuwa, tsakanin la'asar da kashe fitila. Malami da ya rasa makonni, abin da zai fara yankewa shi ne wanda ba a yi masa maki.

Yara kuwa ba sa zama haka nan. Da makaranta ta daina ba su bikin da za su ji nasu ne, sai suka ƙirƙiro: ranar gama jarrabawa a sa farar riga, a yi ta rubuce-rubuce a jikin juna da maka, a hau babura a zaga gari, a ɗora a TikTok. A 2025 wasu jihohin Arewa, ciki har da Sakkwato, suka haramta wannan, bisa dalilin rashin ɗa'a da ake gani. Na fahimci dalilin. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron da ya ga malaminsa yana rubuta amsa a allo da safe, da wuya ya ji wa'azin ɗa'a daga bakinsa da yamma.

Maganin da gwamnatin tarayya ta fi ƙarfafawa shi ne mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta, kamar yadda Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar. Zai rage amsar allo, babu shakka, kamar yadda ya rage a JAMB tun da ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Zai kuma ƙara wa makarantar ƙauye da ba ta da wuta nisa da ta birni. Abin da ba zai taɓa ba shi ne mudun da ake awo da shi. Mai makarantar layinmu tuni ya fahimci inda iska ta dosa. A hutun da ya wuce ya kwashe 'yan litattafan da ke ƙaramin ɗakin da suke kira laburare, ya zuba su a kwali ya tura ƙarƙashin matakala, ya jera tsofaffin kwamfutoci goma sha biyar a wurin. Ya kuma sa an ƙara layi ɗaya a ƙasan kyallen, cewa ana koyar da dabarun cin jarrabawar kwamfuta, kuɗinsa daban.