Shirin Musamman: Hukumar da ke Bakin Ƙofa

[Kiɗan buɗe shiri]

 Yau za mu bar Abuja da fadojin gwamnoni, mu leƙa hukumar da ta fi kowace kusa da talaka, wato ƙaramar hukuma. Me doka ta ɗora mata? Ina kuɗinta ke fitowa, ina kuma suke maƙalewa? Mene ne rabon mutanen gari a cikin tafiyar da ita? Sai ku gyara zama.

[Kiɗa]

Mu fara da Maigatari, garin da ke masarautar Gumel a jihar Jigawa, dab da iyakar Najeriya da Nijar. Duk ranar Alhamis garin kan cika ya batse. Tun da sassafe fatake ke shigowa da shanu da raguna da awaki da raƙuma, wasu daga ƙauyukan kewaye, wasu daga yankin Damagaram. Dillalai na ta ciniki a kara, masu lodi na cika manyan motocin da za su nufi kudancin ƙasar, 'yan mata na yawo da fura da ƙosai, mahauta na hura wutar tsire. Kafin magariba dukiya mai yawa ta sauya hannu.

A irin wannan kasuwa, ko a Maigatari ne, ko Wudil, ko Mai'aduwa, ko Illela, akwai ayyukan da ido bai cika kula da su ba sai ranar da aka daina yin su. Wani ne zai share fili bayan an watse. Wani ne zai samar da ruwan da mutum da dabba za su sha, ya gyara makewayi, ya tsara tasha, ya duba tsabtar mayanka. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya faɗi mai wannan aiki ƙarara. Kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu da kwashe shara da magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi da sanya wa tituna suna, duka na ƙaramar hukuma ne. Ya kuma ba ta hannu a makarantun firamare, da kiwon lafiya, da bunƙasa noma. Ke nan daga ɗakin haihuwa na asibitin sha-ka-tafi har zuwa maƙabarta, mutumin ƙaramin gari yana hannun wannan hukuma, ko ya sani ko bai sani ba.

[Kiɗa]

Dattawan da ke sauraronmu za su tuna zamanin En'e. A wancan lokaci sarki da majalisarsa ne hukumar ƙasa. Umarni na gangarowa daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, haraji da jangali kuma na hawa ta wannan tsani zuwa baitulmali. En'e na da 'yan doka, da kotunan alƙalai, da gidan yari, da makarantu da asibitocinta. En'en Kano ma ta kai ga samar wa birni ruwan famfo da wutar lantarki tun farkon shekarun 1930. Mai biyan haraji yana iya nuna abin da aka yi da kuɗinsa.

Amma talaka ya sha wuya a hannunta. An yi aikin tilas, an ɗaure mutane a kan kuɗin haraji, kuma babu wanda ya isa ya tambayi hakimi dalili. A shekarar 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar dokokin Arewa ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. A wannan shekarar ce kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya, babban kukanta kuwa shi ne zaluncin En'e a kan talakawa. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna.

Babban sauyi ya zo a 1976, lokacin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, inda aka yi wa ƙasar tsari guda na ƙananan hukumomi 301, aka ce su ne mataki na uku na gwamnati, kuma jama'a ne za su zaɓi wakilansu. Aka yi ta ƙirƙiro sababbi har suka kai 774 a 1996, adadin da muke da shi yau. Kano na da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna da Sakkwato 23 kowace, Zamfara 14. A tsakiyar wannan tafiya, a 1979, gwamnonin jam'iyyar PRP, Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Talaka ya yi murna, kuma yana da dalilin murna. Sai dai tun daga zamanin kuɗin man fetur, idon ƙaramar hukuma ya koma kan kason da ke zuwa daga tarayya, shi kuma mutumin gari ya fara ɗaukar kuɗin hukuma a matsayin kuɗin da ba na kowa ba.

[Kiɗa]

To, yaya kuɗin ke tafiya? Duk wata ana zama a Abuja a raba abin da ya shiga asusun tarayya. Gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kuma kashi 20.60. Wato fiye da kashi ɗaya cikin biyar. Sai dai sashe na 162 na tsarin mulki ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa da ƙananan hukumominta, ta nan kuɗin za su bi. Nan gizo ke saƙa. A jihohi da dama, kafin kuɗin su iso sakatariya an cire albashin malaman firamare, an cire na fansho, an cire kason masarautu, an cire na ayyukan haɗin gwiwa waɗanda a babban birnin jiha aka tsara su. Abin da ya rage sau da yawa bai wuce na albashi da man mota ba. Shi ya sa za ka shiga sakatariya a tsakiyar wata ka tarar da ofisoshi a kulle, ma'aikata sun san babu abin yi sai ƙarshen wata.

Ga kuma batun kantomomi. Sashe na 7 na tsarin mulki ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, amma gwamnoni da yawa sun shafe shekaru suna naɗa shugabannin riƙo. Wanda aka naɗa kuwa ya san wanda ya naɗa shi, shi yake tsoro, shi yake faranta wa.

A ranar 11 ga Yulin 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, gwamna ba shi da hurumin riƙe kuɗinsu ko rushe zaɓaɓɓun shugabanninsu, kuma ƙaramar hukumar da kantoma ke riƙe da ita ba za a ba ta kaso ba.

Nan da nan jihohi suka shiga shirya zaɓe. A watan Oktoban 2024 jam'iyyar NNPP mai mulkin Kano a lokacin ta lashe kujerun shugabanni 44 gaba ɗaya, APC mai mulkin Kaduna ita ma ta kwashe 23 duka. Haka abin ya kasance a kusan duk jihar da aka yi zaɓe, ko wace jam'iyya ce ke mulki, domin hukumar zaɓen jiha ce ke shirya shi, gwamna ne kuma ke naɗa shugabanninta. Jihar Anambra ma ta yi sabuwar doka da ta wajabta wa ƙananan hukumominta zuba wani kaso a asusun da jiha ke kula da shi. Watanni suka yi ta shuɗewa ana jan ƙafa wajen aiwatar da biyan kai tsaye.

[Kiɗa]

Jama'a masu sauraro, duk wannan taƙaddama da ake yi a sama, rayuwa a ƙaramin gari ba ta tsaya jira ba. Idan burtsatsen unguwa ya lalace, mai unguwa ne ke tara magidanta a yi karo-karo a kira mai gyara. Kafin damina matasa kan fito aikin gayya su yashe magudanan ruwa. Katangar maƙabarta, rufin ajin da iska ta yaye, kuɗin man motar da za ta kai mai naƙuda babban asibiti cikin dare, fitilar 'yan sintiri, sau da yawa daga aljihun mutanen gari suke fitowa. Ƙungiyoyin ci gaban gari, waɗanda 'ya'yan garin mazauna Kano da Kaduna da Legas ke riƙe da su, kan yi taro bayan salla a yi alƙawari a cika. Mata na adashi su tallafa wa marayu. Liman na sanarwa bayan sallar Juma'a, sarkin kasuwa na sasanta rikicin rumfa, dagaci na zaunar da manomi da makiyayi kafin magana ta kai ofishin 'yan sanda.

Wannan abin alfahari ne, Allah ya saka wa masu yi da alheri. Amma akwai abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Mutumin da ya ba da kuɗin gyaran burtsatse ya biya sau biyu, domin an riga an turo kuɗin wannan gyara da sunansa daga Abuja. A taron ƙungiyar gari, ma'aji ba ya tashi sai ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, kwabo ya ɓace sai an yi bayani. Mutanen nan su ne kuma ke yin shiru a kan miliyoyin da ke shiga sakatariyarsu duk wata. Wasunmu ma idan mun je gidan ciyaman ko kansila, da katin biki muke zuwa, ko takardar magani, ko neman na cefane. Shi kuma ya ba da abin da ya sawwaƙa, ya san ya toshe baki. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ko da an fara turo kowane kwabo kai tsaye, idan babu ido a kan kuɗin, abin da zai sauya kawai shi ne aljihun da suke faɗawa. Kuma idon da zai yi wannan aiki ba na Abuja ba ne. Jami'in da ke Abuja bai san kwalbatin da ya karye a hanyar kasuwa ba, bai san asibitin da ungozoma ke karɓar haihuwa da fitilar waya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hanyoyin sa ido kuwa suna nan. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na wallafa rahoton rabon kuɗin wata-wata a intanet, duk matashin da ke da waya zai iya nemo abin da aka ware wa ƙaramar hukumarsa, ya karanta wa dattawa a majalisa. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar rubuta takarda ya nemi bayani daga hukuma. Akwai kwamitin ci gaban mazaɓa da ke kula da ƙananan asibitoci, akwai kwamitin kula da makaranta wanda iyaye ke da kujera a cikinsa, mata ma na da tasu. Kansila ɗan mazaɓa ne, ana sallah da shi a masallaci ɗaya, kuma a majalisar kansiloli ake amincewa da kasafin kuɗin shekara. Ƙungiyar gari na iya gayyatarsa, cikin mutunci da girmamawa, ya zo ya faɗi abin da aka sa wa mazaɓarsa a kasafin bana, a rubuta, a sake kiransa bayan wata shida. Ɗan kasuwar da aka karɓi kuɗin rumfa ko na dabba a hannunsa ya nemi rasit, ya adana. Ranar zaɓen ƙananan hukumomi kuma a fito, ko da ana ganin an gama magana, domin rumfar zaɓen da babu kowa ta fi sauƙin rubuta mata sakamako.

Ga shugabanni da kansilolin da ke sauraronmu, ranku ya daɗe, wanda ya liƙa kasafin kuɗinsa a allon sanarwa na sakatariya, da Hausa, ya kare kansa daga zargi, ya kuma samu jama'ar da za su tsaya masa ranar da aka nemi taɓa kuɗin garinsu daga sama. Amana ce, kuma za a tambaye ku a kanta, kamar yadda za a tambaye mu a kan shirun da muka yi.

[Kiɗa]

Jama'a, a nan za mu dasa aya. Muna jiran saƙonninku: nawa aka ware wa ƙaramar hukumarku a watan jiya, kuma wane aiki kuka gani da idonku? Ku nemo, ku aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba idan Allah ya kai mu.  

[Kiɗan rufe shiri]