Me ya sa Bayahude ba ya haɗa nono da nama?

Duk wanda ya ci asida da miyar na'imiyya a garin Wad Madani na Sudan ya san daɗinta: busasshen naman sharmut, albasa, garin kuɓewa, sai a kwarara nono a kai. Halal ce tsaf a wurinmu Musulmi. Amma Yahudawan da suka yi kasuwanci a garin zamanin Turawa, addininsu bai yarda su taɓa ta ba.

Dokar abincinsu, kosha, ta raba nama da nono, bisa wani hani da ya zo sau 3 a Attaura. Ba a dafa su tare, ba a cin su tare, tukunya da cokali ma kowanne da nasa. Wanda ya ci nama, galibi sai ya jira awa 6 kafin ya kurɓi madara.

Nonon kuma dole ya fito daga dabbar da aka halatta musu: saniya, akuya, tunkiya. Na raƙumi, da makiyayan yankin Butana ke ji da shi, haramun ne gare su. Kifi da ƙwai kuwa ba ruwansu da wannan rabo, ana iya haɗa su da nono.