Ko Tsiro Na Iya Korar Tsiro Daga Ruwa?

Zancenmu na yau a kan ciyayin ruwa ne. Kududdufin da almajiraina ke wanki a nan Dogon Dawa, kainuwa ta rufe fuskarsa ruf tun kafin kaka, sauro ya sami gida a cikinta. Wani maƙwabci ya ce a fesa mata maganin ciyawa. Na ƙi, domin shanu na shan ruwan, yara kuma na kamun tarwaɗa a ciki.

Abin da ya sami wasu ya fi namu nesa. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwan fadamun Haɗeja da Nguru ya daina janyewa da rani kamar dā, sai kachalla ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki.

To, ku sani Allah Ya halicci waɗansu tsirrai da ke hana na kusa da su girma. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Hans Molisch, ya wallafa littafi a kan wannan a 1937, amma manomi ya riga shi gani, don ƙarƙashin itacen turare ba ka samun amfanin kirki. Dawa kanta, ta tuwo nake nufi ba ta sunan garinmu ba, saiwarta na tsattsafo da wani maiƙo mai danne ƙananan ciyayi. A Pakistan sukan jiƙa karanta su fesa ruwan a gonar alkama. A Ingila kuwa akan sa karan sha'ir cikin tafki, idan ya soma ruɓewa sai ya hana gansakuka yaɗuwa, sai dai ba ya kashe manyan ciyayi.

Amma kada wani ya ji wannan ya tula kara a mashayar jama'a. Ruɓaɓɓen kara in ya yi yawa yakan shaƙe kifi, gyauron dawa kuma kowa ya san yakan kashe dabba.

Ni dai na sa almajirai sun kwashe kainuwar da kwanduna mun tara taki. Na kuma cika kwatarniya biyu da ita, ɗaya da jiƙon karan dawa, ɗaya da ruwa zalla, na ajiye su a zaure. Mai son gani ya zo bayan La'asar.