Inshorar Kuskuren Aiki: Abin da Ya Kamata Likitoci da Masu Asibitoci a Bauchi Su Sani

BAUCHI — Ɗan kasuwar da ke da shago a Wunti ko Muda Lawal ya san gobara tana iya cinye jarinsa cikin dare ɗaya. Shi kuwa mai asibiti, ban da wuta, akwai wani hatsarin da ke iya durƙusar da shi: hukuncin kotu na biyan diyya saboda kuskuren da aka yi wa majinyaci. Domin irin wannan rana ne kamfanonin inshora suke sayar da abin da ake kira inshorar kuskuren aiki.

Ba kowace mutuwa ko nakasa a asibiti ce ke zama laifin likita ba. Wajibi ne mai ƙara ya tabbatar da cewa kula da shi ya rataya a wuyan likitan, cewa likitan ya gaza yin abin da ƙwararre irinsa zai yi, kuma wannan gazawa ce ta jawo cutarwar. Ma'aunin ya samo asali ne daga dokar Ingila, musamman shari'ar Bolam ta 1957. Barin almakashi ko auduga a cikin mutum bayan tiyata, ƙara jinin da bai dace ba, da ba da maganin da ya wuce ƙa'ida, duk suna daga cikin abubuwan da ake kai ƙara a kansu. Haka kuma, mai asibiti yana ɗaukar alhakin kuskuren ma'aikatansa, ko da shi kansa bai taɓa riƙe allura ba.

Likitan da aka zarga yana iya fuskantar tuhuma ta fuskoki uku. Akwai Majalisar Kula da Aikin Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda kotun ladabtarwarta ke da ikon gargaɗi, dakatarwa, ko soke suna daga rajista. Akwai babbar kotu, inda ake neman diyya. Akwai kuma tuhumar laifi idan sakacin ya kai ga ganganci. Shari'ar Dokta Okonkwo, wanda majinyaciyarsa ta ƙi yarda a ƙara mata jini saboda aƙidarta, ta faro ne daga kotun ladabtarwa, ba ta ƙare ba sai a Kotun Ƙoli a 2001, inda aka wanke shi. Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, ko wanda aka wanke sai ya biya lauyoyi na tsawon shekaru.

Inshorar tana biyan diyyar da kotu ta yanke ko wadda aka sasanta a kai, tare da kuɗin lauya, har zuwa iyakar adadin da aka rubuta a yarjejeniya. Ba ta biyan tarar laifi, ba ta kāre wanda ya yi aiki cikin maye ko ba tare da lasisi ba, kuma ba ta mayar wa likita lasisin da aka ƙwace. Kuɗin da ake biya duk shekara ya danganta da fannin aiki: mai tiyata da mai karɓar haihuwa sun fi mai duba marasa lafiya kawai biya, domin hatsarinsu ya fi yawa.

A Nijeriya wannan inshora ba ta ganin dama ba ce ga kowa. Dokar Shirin Inshorar Lafiya ta 1999 ta wajabta ta a kan asibitocin da ke cikin shirin, kuma hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ta lissafa ta cikin inshorar dole. A 2022 aka maye gurbin waccan doka da wadda ta kafa hukumar NHIA, sannan a 2025 aka sa hannu kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora. Saboda haka, duk mai asibitin da ke son karɓar majinyatan inshorar lafiya ya kamata ya sa wannan kuɗi cikin kasafinsa tun daga farko.

Akwai wurare uku da masu saye suka fi tuntuɓe. Na farko, galibin irin wannan yarjejeniya tana biyan ƙarar da aka shigar ne a lokacin da take aiki, ba kuskuren da aka yi a lokacin ba. Idan likita ya yi tiyata bana, ya bar inshorarsa ta mutu, aka kai shi ƙara baɗi, to ba shi da kariya, sai in ya sayi ƙarin wa'adi. Na biyu, likitan da ke aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko Asibitin Ƙwararru na jiha da safe, ya kuma duba marasa lafiya a asibiti mai zaman kansa da yamma, kada ya ɗauka inuwar gwamnati tana bin sa can. Na uku, wajibi ne a sanar da kamfani da zarar an ji ƙishin-ƙishin ƙorafi. Wanda ya yi jinkiri, ko ya amsa laifi a rubuce ba da sanin kamfani ba, yana iya rasa haƙƙinsa.

Wasu a Bauchi suna ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da caca. Ga irin waɗannan akwai takaful, inda mahalarta ke tara gudummawa a asusu guda domin tallafa wa wanda abu ya faɗa wa. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma kamfanonin Jaiz Takaful da Noor Takaful sun sami lasisi a 2016. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun tabbatar da diyya a kan kuskuren likita, kuma da yawansu sun ɗora ta a kan danginsa na wajen uba, watau nauyi ne da jama'a ke rabawa. A Ingila ma an kafa ƙungiyar kāre juna ta likitoci tun 1885.

Har yanzu iyalai da dama a Arewa sukan bar wa Allah idan abu ya faru, amma ilimi na ƙaruwa, kuma tun 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai asibiti ya nemi dillalin inshora mai rajista, ya tabbatar kamfanin yana da lasisin NAICOM, ya biya kuɗinsa kafin wa'adi, ya kuma tsare adana bayanan majinyata da takardun amincewarsu, domin su ne shaidar farko da lauya zai nema.